Sujadar Safe: Tambayoyin da 'Yan'uwa Suka Fi Yi Mini a Zuru

Na daɗe ina koyar da ajin manya a makarantar Lahadi a nan Zuru. Duk ranar da darasi ya biyo ta kan addu'a, a cikin aji kowa gyaɗa kai yake yi, kamar babu mai matsala. Sai an tashi, a gindin darbejiyar da ke bakin majami'a, ake faɗin gaskiya: "Malam, ni fa rabona da buɗe Littafi da safe tun kafin Kirsimeti." Tambayoyin nan a can na tsinto su. Na cire sunaye, na haɗa masu kama da juna. Amsoshin nawa ne, ba dokar wata ɗarika ba ce, don haka in fastonka ko fadanka ya koya maka wata hanya da ke yi maka aiki, riƙe ta.

Malam, akwai inda Littafi Mai Tsarki ya ce dole sai da safe?

Babu ayar da ta yanka wa mai bi lokaci, ta ce in ya wuce shi ya yi zunubi. Ishaku da yamma ya fita saura yana tunani (Farawa 24:63). Bitrus da tsakar rana ya hau kan soro ya yi addu'a (Ayyukan Manzanni 10:9). Bulus da Sila da tsakar dare suka yi tasu a kurkukun Filibi, har da waƙa. Daniyel sau uku yake durƙusawa a rana.

Amma ka buɗe Markus sura 1 ka bi yinin Yesu a Kafarnahum. Ranar Asabar ce. Ya yi koyarwa a majami'a, ya warkar da surukar Bitrus, da rana ta faɗi kuma garin duka ya taru a bakin ƙofa da marasa lafiya. Wanda ya yi irin wannan yini ya cancanci barci har hantsi. Aya ta 35 ta ce tun da sauran duhu ya tashi, ya fita inda ba kowa, yana addu'a. Ba a jima ba almajirai suka bi sawunsa suka ce masa kowa nemansa yake yi. Dalilin safiya ke nan a wurina: da gari ya waye, kai na mutane ne. Ɗan lokacin nan kafin a fara sallama a ƙofar gida shi ne kaɗai babu mai jayayya da kai a kansa.

Ƙarfe nawa ya kamata in tashi?

Lissafa daga baya. Ƙarfe nawa aikin gida ko shirin fita ke kama ka? Ka ja baya da minti ashirin, shi ne lokacinka. Kada ka ari na wani. Kuma ka sani agogo ɗaya ba zai yi maka shekara ba. A nan arewa maso yammacin ƙasa, a watan Janairu rana ba ta fitowa sai wajen ƙarfe bakwai, ga hunturu yana kaɗawa, a watan Yuni kuwa shida da 'yan mintuna gari ya yi haske fes, manomi ya riga ya kama hanya. In kiɗa ya canza, rawa ma sai ta canza.

Baba, gaskiya ni ba ni da lokaci. Ina zan samo shi?

Ba za ka same shi ba, ɗana. Babu wanda ya taɓa tsintar lokaci a hanya. Ka dubi yadda kakanka yake yi da iri. Ba ya jira a ci dawa har rumbu ya yi ƙasa, sannan ya leƙa ya ce abin da ya rage shi ne na shuka. Tun a kaka, ranar da aka kawo amfani gida, yake zaɓar zangarniya masu kyau, ya ɗaure su daban, ya rataye inda hannu ba ya kaiwa. In bai yi haka ba, kafin ruwan farko tuwo ya cinye su, ba don kowa ya yi mugunta ba, sai don ciki ba ya barin ragowa. Yini ma haka yake, ba ya barin ragowa. Wanda ya ce zai yi addu'a "in ya samu sarari" zai kai dare yana nema.

Kusan duk sauran amsoshin da ke ƙasa wannan maganar ce nake juyawa.

Minti nawa ya isa?

Fara da goma. Na san za a ce ya yi kaɗan, kuma na san waɗanda suke dawowa daga taron farkawa da alkawarin awa guda kullum. Litinin su cika, Talata su cika, Laraba su makara, kafin sati ya zagayo kunya ta sa sun daina gaba ɗaya. Minti goma da za ka riƙe wata shida ya fi awa guda ta kwana uku. In ya zauna maka, da kansa zai ƙaru, ba sai an matsa maka ba.

Malam, ku maza kuna da sauƙi. Ni da na buɗe ido ga ɗiban ruwa, ga hura wuta, ga yara. Yaya zan yi?

'Yar'uwa, gaskiyarki. Wannan tambaya daga Zumuntar Mata ta fi fitowa, kuma mu masu wa'azi ba mu kyauta muku ba a kanta. Mu ɗauki labarin Marta da Maryamu a Luka 10 mu yi ta dukan mata da shi, wai kun cika hidima, sannan mu koma gida mu tambayi ina tuwo.

Bari in gaya miki yadda uwargidana take yi, don a wurinta na koya. A bakin murhu take nata. Ta hura wuta, ta ɗora tukunyar ruwan kunu, ta jawo 'yar kujerar tsugunno, ta buɗe Littafinta a kan cinya, tocila a hannu ɗaya. Kafin babbar tukunya ta tafasa a wutar itace akwai lokaci mai kyau, kuma lokaci ne da dā a tsaye take ɓata shi tana kallon ruwa. In wuta ta ja baya ta tura itace da ƙafa, idonta bai bar shafi ba. Littafin nan nata duk ƙaurin hayaƙi yake yi, shafin Zabura 121 har da tabon manja. Na saya mata sabo, yana nan cikin akwati a ledarsa, sai ranar Lahadi take fito da shi.

Mai shayarwa kuma, lokacin ba da nono na asuba lokaci ne. Hannu ɗaya yana riƙe da yaro, baki yana iya maimaita ayar da aka haddace. Hanyar rijiya ko famfo ma wurin waƙa ce da addu'a. Abin da nake roƙo kawai, a samu ko da minti biyar da za ki zauna ki ji Kalma, kada duka ya zama a kan tafiya.

Ku kuma maza: in kana so matarka ta yi sujada, ɗauki jarka biyu ka je famfon da kanka, ko ka yi wa yaro ɗaya wanka. Ba abin da zai ragu a jikinka.

Da damina fa? Ni tun duhu nake tafiya gona.

Lokacin shuka da noman fari ba a wasa da sanyin safiya, kowa ya sani, balle ranar gayya da jama'a ke jiranka. Rage tsawo, kada ka yanke. Kafin ka saɓa fartanya, karanta aya biyu ko uku, ka durƙusa ka miƙa yinin. Ka tafi da aya ɗaya a ka, kana tauna ta a hanya. Karatun mai tsawo ka mayar da shi lokacin hutun hantsi a gindin ɗorawa, ko da dare. Idan an kai amfani gida, aiki ya lafa, sai ka koma tsarinka na dā.

Da na durƙusa sai barci ya sace ni.

Ka zo gidan mai ciwon. Akwai shekarun da nake durƙusawa a bakin gado, in kifa goshi a kan katifa, wai tawali'u. Wata safiya na farka ƙarfe bakwai ta wuce, gwiwoyi sun mutu, ban iya miƙewa ba. Uwargida tana tsaye a bakin ƙofa da tsintsiya, ta ce, "Malam, yau addu'ar har da minshari?" Tun daga ranar na bar gado. Ina tashi in wanke fuska da ruwan sanyi, in fita in zauna a benci a tsakar gida, in karanta da ɗan sauti yadda kunnena zai ji. In barci ya matsa, a tsaye nake addu'a, ina zagaya gida.

Amma tushen ciwon ba a safiya yake ba, a daren jiya yake. Ba a fafe gora ranar tafiya. Wanda ya zauna gidan kallon ƙwallo har sha ɗaya, ya dawo ya ɗora da danna waya har ɗaya na dare, ba Shaiɗan ba ne ya hana shi tashi ƙarfe biyar, kada a ɗora masa abin da bai yi ba. Ka yanka wa kanka lokacin kwanciya. Ka ajiye Littafi, tocila da tabarau a wurin da za ka zauna tun da dare, don kada ka tashi kana lalube a duhu kana tada mutane. In kuma gajiya ce ta gaske ko rashin lafiya, yi barcinka. Da Iliya ya gaji ya kwanta a gindin itace a 1 Sarakuna 19, mala'ika abinci da ruwa ya ba shi, ya bar shi ya sake kwanciya.

To in na zauna, me zan yi takamaimai?

Ga yadda nake yi, ba dole sai haka ba. Ina fara da godiya, in ambaci abu biyu ko uku da sunansu, ba "na gode da komai" kawai ba. In akwai hali in yi baiti ɗaya na waƙa a hankali. Sai karatu, kuma gajere. Ina tambayar kaina abu biyu: me wannan wuri ya nuna mini game da Allah, kuma me zan yi dabam yau saboda shi? Daga nan in mayar da abin da na karanta ya zama addu'a. Sai furta zunubi, shi ma da sunansa. Sai roƙo: iyali, ikilisiya, maƙwabta, masu mulki, sannan ayyukan yinin ɗaya bayan ɗaya, har da mutumin da na san zai ɓata mini rai.

Ranar da kai ya cushe ba ka san ta ina za ka kama ba, ɗauki Addu'ar Ubangiji a Matiyu 6:9-13. Kada ka zuba ta a guje kamar karatun 'yan firamare. Faɗi layi ɗaya, ka tsaya, ka cika shi da naka. "Abincin yau" ya zama kuɗin taki, kuɗin makaranta, maganin Mama. 'Yan'uwanmu Katolika suna da addu'o'in safe rubutattu da karatun Mas na kowace rana, kuma wannan gata ne, don ba sa tashi suna tunanin ina za a buɗe.

Daga ina zan fara karatu? Kullum Farawa nake farawa, in maƙale a hanya.

Na san inda kake maƙalewa: Littafin Firistoci. Mutane da yawa a nan shirinsu na sabuwar shekara yake kwanciya. Fara da Markus, sura 16 ne kacal, kuma labari ne mai tafiya. Ka haɗa da Zabura ɗaya in lokaci ya bari. Karin Magana sura 31 ne, ya dace da kwanakin wata, ko ka ɓata lissafi kwanan wata zai gaya maka inda kake.

Ga masu son lissafi: Sabon Alkawari sura 260 ne. Sura ɗaya a rana, kwana biyar a mako, mako 52, ya fita cif a shekara guda, ga kwana biyu kowane mako na cike giɓi. Littattafai 66 gaba ɗaya sura 1,189 ne, wato sura uku kullum da biyar ranar Lahadi za su kai ka ƙarshe cikin shekara. Na Katolika ya fi haka, littattafai 73 ne. Sai dai ni ba na ba sabon shiga shawarar sura uku da asuba. Tsere zai zama, a rufe Littafi ba a riƙe komai ba.

Wata 'yar magana a gefe, don tana rikita mutane a sujadar iyali. Cikakken Littafi Mai Tsarki na Hausa ya fara fitowa a 1932, aka sake wani juyi a 1979, kuma sunayen wasu littattafai sun bambanta. Inda tsohon juyi ya ce Misalai, sabo ya ce Karin Magana. Yohanna ya koma Yahaya, Kubawar Shari'a ta koma Maimaitawar Shari'a. In Baba ya ce a buɗe Misalai, jika yana ta juya shafi bai gani ba, ba laifin yaron ba ne. Dattawanmu da yawa da tsohon juyi suka yi hadda, ba kuma za su sake shi ba. A bar su. Wanda Hausar tsohon ta yi masa nauyi ya ɗauki sabo.

Ban yi makaranta ba, ba na iya karatu.

Mama, yawancin waɗanda suka fara jin wasiƙun Bulus da kunne suka ji su, wani ne ya tsaya ya karanta wa jama'a. Sa jikarki ta karanta miki aya biyar kafin ta tafi makaranta, ke kin samu, ita ma ta samu. Akwai kuma Littafi Mai Tsarki na Hausa da aka ɗauka da murya, ana sa shi a katin waya a saurara ko babu intanet. Ki nemi wani daga matasan ikilisiya ya sa miki. Waƙoƙin da kika haddace a zumunta ma yawancinsu Kalma ce aka sa wa murya. Addu'a kuwa ki yi ta da harshen da kike kuka da shi. In C'Lela ne ko wani harshen gida, yi da shi, ba sai an fassara wa Allah ba.

Laifi ne in karanta a waya?

Ba laifi ba ne, tarko ne. Ka ɗauki waya da niyyar Zabura, sai ga saƙo goma sha biyu a WhatsApp, ga sanarwar rasuwa, ga wani ya taɓo ka a Facebook. Kafin ka farga minti ashirin ɗin sun tafi. In wayar ce kaɗai gare ka, kashe data tun da dare, kada ka kunna sai ka ce amin. Kuma tura wa mutane hoton aya da "barka da safiya" ba shi ne sujada ba. Na sha samun irin wannan saƙo daga mutanen da na tabbata ba su karanta abin da suka turo ba.

Muna yin sujadar iyali, wani lokaci kuma ina zuwa addu'ar asuba a coci. Sai na ƙara da tawa ni kaɗai?

Cin tuwo a kwano ɗaya da jama'a yana da daɗi, amma akwai maganar da ba ka yi a gaban yara, akwai kuma zunubin da ba ka furtawa a gaban dattawan ikilisiya. Yesu ya ce ka shiga ɗaki ka rufe ƙofa (Matiyu 6:6). Ko minti biyar ne kafin a tada yara, ka samu naka. In kuma yanayi ya sa ɗaya kaɗai za ka iya a wata safiya, yi na iyali, ka nemi naka da rana.

Tunda an taɓo sujadar iyali, ina da ƙorafi a kan iyaye maza, ni ma ina ciki. Muna mayar da ita wa'azin Lahadi. A tada yara ƙarfe biyar cikin sanyi, Baba ya yi minti arba'in yana bayani, rabinsa faɗa ne a kan wanda bai share gida ba jiya, yara suna gyangyaɗi, a ƙarshe a makara makaranta a sha bulala a bakin ƙofa. Yaron da ya tashi a haka, ranar da ya samu ɗakin kansa abu na farko da zai yar shi ne sujadar safe. Minti goma zuwa sha biyar ya isa: waƙa ɗaya, karatu gajere wanda yaro ne zai yi shi, tambaya ɗaya, addu'a. A riƙa juyawa, yau wannan gobe wancan, har ƙaramin ya samu ranarsa ko "Yesu na gode" kaɗai zai ce. Faɗa kuma a ajiye shi sai bayan an karya.

Maigidana ba ya so. Ko na tashe shi ba ya tashi.

Ki daina tashinsa. Ki yi naki da yara, ba tare da habaici a cikin addu'a ba. Addu'ar da ake ɗaga murya a ce "Ya Ubangiji, ka taɓa zuciyar masu barci" alhali mutum yana jin ki ta bayan labule, wannan ba da Allah ake magana ba. Ki karanta 1 Bitrus 3:1-2.

Gidan haya nake, maƙwabtana Musulmi ne. Yaya zan yi ba tare da an samu saɓani ba?

Lokacin da aiki ya kai ni Birnin Kebbi, a irin wannan gida na zauna, ɗakuna a jere, famfo ɗaya. Ni kaɗai ne Kirista. Ban taɓa sayen agogo mai ƙararrawa ba a shekarun nan, kiran sallar asuba ne yake tashe ni, sai kuma ƙarar butar maƙwabcina a bakin rariya. Shi ya nufi masallaci, ni in kunna fitila in buɗe Littafi. Har ya gane, in ya dawo ya ga haske a tagata ba ya ƙwanƙwasawa sai na buɗe da kaina, sannan mu gaisa. Ban ɓoye abin da nake yi ba, ban kuma yi shela ba. Kuma ba zan ƙi faɗa ba, naciyarsa ta sha ba ni kunya a ranakun da na so in juya in ƙara barci.

A ƙasar Zuru ma ai gidaje da yawa wa Kirista ne, ƙane Musulmi, tukunya ɗaya. Abin da ke kawo rigima shi ne a tashi ƙarfe huɗu ana tafi da buga bango ana ihu, jaririn maƙwabta yana farkawa. Allah ba kurma ba ne. Romawa 12:18 ta ce iyakar iyawarku ku yi zaman lafiya da kowa. Rage murya, in waƙa ce a yi ta yadda ba za ta wuce ƙofa ba.

Aikin dare nake yi. Safiyata barci ce.

Garin nan garin sojoji ne, kusan kowane gida akwai mai kaki, ga ma'aikatan jinya, masu gadi da direbobi. Safiyarka ita ce lokacin da ka farka, ko ƙarfe biyu na rana ne. Ba wa Allah farkon farkawarka kafin ka taɓa waya. Direban da ke jiran mota ta cika a tasha yana da lokaci fiye da yadda yake zato.

In na fita ban yi addu'a ba, sai in ji kamar wani mugun abu zai same ni. Haka ne?

A'a. Sujadar safe ba laya ba ce, ba kuma kuɗin fito ba ne da ake biyan Allah don ya bar ka ka wuce lafiya. Wannan tunani ya shigo mana sosai, har za ka ji wani ya yi hatsari da babur ana cewa "ƙila bai yi addu'a ba kafin ya fita." Wannan magana ce irin ta abokan Ayuba, kuma Allah bai yaba musu ba. Uba ba ya sa wa ɗansa ƙafa don bai gaishe shi da safe ba. Abin da ka rasa in ka tsallake shi ne zaman da kansa, kuma za ka ji shi a bakinka da haƙurinka kafin azahar. In ka makara, yi irin ta Nehemiya, wanda ya yi addu'a a tsaye gaban sarki tsakanin tambaya da amsa (Nehemiya 2:4), sannan ka nemi zama da yamma. Ba a ramuwa, kada ka ce gobe sai ka ninka.

Ina yi, amma ba na jin komai. Hankalina ma yawo yake.

Ba kullum tuwo ke zuwa da nama ba, amma shi ke riƙe jiki. Ranakun da ba a jin komai sun fi yawa, ga kowa, har fastoci, in za su faɗa maka gaskiya. Yawon hankali kuma ina maganinsa da 'yar takarda da biro. In tunanin bashin wani ko buhun masara ya faɗo, in rubuta shi in ajiye, in koma inda nake. In ya sake dawowa, to shi ne abin addu'ar ranar.

Abu ɗaya dai ka bincika. In kun kwana da faɗa da matarka, ko kana gaba da ɗan'uwa, addu'a takan yi nauyi. Bitrus ya gargaɗi maza a kan wannan a 1 Bitrus 3:7. Wani lokaci sujadar safe tana farawa ne da "yi haƙuri da maganar jiya."

Malam, mun baro ƙauye saboda 'yan bindiga. Mu goma ne a ɗaki ɗaya a gidan ɗan'uwa. Zuciyata ba ta iya addu'a.

Wannan ba tambayar tsarin lokaci ba ce, kuma ba zan amsa ta kamar ita ce ba. 'Yan'uwa da yawa daga ƙauyukan Danko-Wasagu da Sakaba sun kwana a daji, sun bar gona da rumbu, wasu sun bar kabari sabo. Wanda ya ga haka, in ya buɗe baki kalma ta ƙi fita, ba rashin bangaskiya ba ne. Romawa 8:26 ta ce Ruhu yana roƙo dominmu da nishin da ba ya faɗuwa da baki.

Ga wurare biyu da nake ba masu irin wannan hali. Zabura 3 addu'ar safiya ce ta ɗan gudun hijira: Dawuda ya yi ta lokacin da yake gudu daga ɗansa Absalom, kuma a aya ta 5 abin da ya iya cewa shi ne ya kwanta, ya yi barci, ya farka, don Ubangiji ne ya riƙe shi. Aya takwas ce duka. Sai Makoki 3:22-23, inda aka ce jinƙan Ubangiji sababbi ne kowace safiya. Muna rera ta da fara'a a coci, muna mantawa cewa a kan kangon Urushalima aka rubuta ta, bayan an ƙone birni an kwashe mutane. Ka karanta surar tun daga aya ta 1, za ka ga an ba ka izinin kuka kafin a kai ga bege.

Ba zan ce maka masu addu'a ba a taɓa su ba, don ka san waɗanda aka taɓa. A Ayyukan Manzanni 12 an kashe Yaƙub da takobi, aka kuɓutar da Bitrus, sura ɗaya, ikilisiya ɗaya. Wuri kuwa, in ɗaki ya cika, bayan ɗaki ya isa, ko ka tafi majami'a mafi kusa da sassafe ka zauna a benci na baya. In ba ka iya cewa komai, zauna kawai, ko ka nemi wani dattijo ya yi addu'ar kai kana cewa amin.

Na yi shekaru da dainawa. Kunya ma nake ji in sake farawa.

Kada ka jira sabuwar shekara ko taron farkawa, kuma ba sai ka yi wa kowa sanarwa ba. Yau da dare ka nemo Littafin, ka kaɗe masa ƙura, ka sa tsinke a Markus sura 1, ka ajiye shi da tocila a kan kujerar da za ka zauna. Kwanta da wuri. Surar aya 45 ce, kada ka cinye ta gobe, tsaya a aya ta 15. Jibi ka ɗora daga 16. In hunturu ne, ajiye rigar sanyi kusa da kai, don na ga shiri mai kyau ya rushe saboda mutum ya kasa fita daga bargo.